Sha Takwas a Takarda

Ƙarfe yana durƙushe yana haɗa ƙafar wani gado sa'ad da ƙanwarsa ta shigo shagon. Bai ɗago ba. Ya san takunta, kuma shi ba ya barin walda a tsakiyar layi don an yi masa sallama. Sai da ya kai ƙarshe, ya ture gilashin fuska sama, sannan ya amsa.

"Auta, yau babu makaranta ne?"

"Akwai. Ni ce zan bar ta."

Ya ajiye abin hannunsa a hankali. Mutanen layin sun sa masa Ƙarfe ne saboda sana'arsa, amma matarsa ta ce ko ɗinki yake yi sunan nan sai ya same shi, don taurin kai ne ya jawo masa. Shekara goma sha tara ya ba Auta. A hannunsa ta tashi bayan mahaifinsu ya rasu. Shi a aji huɗu ya ajiye littafi, ita kuwa ga ta a digiri na biyu, fannin injinan noma, kuma duk wanda ya kawo gyaran ƙofa sai ya ji wannan labarin ko bai tambaya ba.

"Korar ki aka yi?"

"Wa zai kore ni? Ai sai an tuna ina nan sannan a kore ni."

Ta kaɗe wani benci da gefen jakarta ta zauna, ta zayyana masa komai. Karatun na shekara biyu ne, ga shi ta shiga ta uku. Farfesan da ke duba aikinta an sa shi a wani kwamiti, yau yana wannan gari, gobe yana wancan. Babi na uku na kundin bincikenta yana kan teburinsa wata goma sha ɗaya. Na'urar auna danshi guda ɗaya da sashensu ke da ita ta mutu tun bara. To akwai wata Dakta a wata jami'a, tafiyar yini guda daga nan, da ta ga aikinta a taron masana, ta ce ta koma wajenta. Za su karɓe ta, su lissafa mata abin da ta riga ta yi, cikin shekara ɗaya ta gama. Sharaɗi ɗaya suka kafa: injin ɓare gyaɗar da ta zana ya maimaita a gabansu abin da ta rubuta cewa yana yi, wato a cikin ƙwaya ɗari, huɗu kaɗai ke fashewa.

Wannan injin Ƙarfe ne ya ƙera shi, a wannan shagon, shekara biyu da suka wuce. Ita ta kawo zane, shi ya yanka ya haɗa.

"Ba na son wannan magana," in ji shi. "Aiki in ka ɗora shi a benci, a kan bencin kake gama shi. Ni ban taɓa ɗaukar rabin ƙofa na kai wa wani ya ƙarasa ba."

"In mai bencin ya kulle shago ya yi tafiya wata goma sha ɗaya fa?"

"Sai ka jira."

"Kai za ka jira?"

Shi da ita sun san kwaɗon zai yanke.

"Ba shawara na zo nema ba, Yaya. Na gama cika takardu. Mota nake so ranar Laraba, mu ɗauko injin."

"To me ya sa kika zauna kamar mai neman shawara?"

"Don in za ka yi faɗa ka yi ina zaune. Tsaye ƙafa take mini ciwo."

Ya yi faɗan kuwa, na kusan rabin awa. Ranar Laraba kuma ya aro a-kori-kurar maƙwabcinsa, ya jefa igiya da katako biyu a baya.

Wurin ƙere-ƙeren sashen yana bayan azuzuwa, rumfar kwano ce mai faɗi, rabin injinan cikinta an lulluɓe su da leda. Mai kula da sito wani dattijo ne mai damin makullai a ƙugu. Ya gaishe su da fara'a, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, sannan ya kai su gaban injin ya ɗora yatsa a kan wasu lambobi da aka rubuta da farin fenti a jikinsa.

"'Yata, kin ga wannan? Duk abin da ya samu lamba ba ya fita ƙofar makarantar nan."

"Baba, ni na ƙera shi," in ji Ƙarfe. "Da hannun nan."

"Na sani. Ni kuma na rubuta lambar, da wannan hannun. Ranar da ya kwana a rumfar nan ya zama na gida."

An yi sa'a, ko akasinta, Farfesa yana ofis ran nan. Ƙarfe ya bi Auta ciki ya tsaya bakin ƙofa. Bai iya karanta abin da ke bangon littattafan ba, amma ya san kamannin aikin da aka yi watsi da shi. Takardun ɗalibai ne jibge a kan kabad, a kan kujera, har a ƙasa, wasu an ɗora musu kofin shayi ya bar zobe a kai.

Farfesa ya karanta takardar sallamar sau biyu.

"Da kin yi haƙuri zuwa ƙarshen wannan zangon, da na duba babin."

"Ranka ya daɗe, haka ka ce wancan zangon."

Ya dube ta ta saman tabarau. Ba mugun mutum ba ne, mutum ne da ya ɗauki kayan da suka fi ƙarfinsa kuma ba ya son a faɗa masa. Ya sa hannu. Game da injin kuwa ya ce ba shi da iko, doka ce.

Ƙarfe ya fito yana huci. Har ya fara lissafin yadda za a sassauta ƙafafun injin a fitar da shi gunduwa-gunduwa. Auta ta yi dariya.

"Bar musu, Yaya. Zanen yana hannuna. Dakta ma tun farko ta ce hakan ya fi mata. Suna da wurin ƙira a can, zan aika musu zanen ranar Litinin, su ƙera nasu kafin in iso. In zane daidai ne, kowane hannu ya ƙera, abu ɗaya zai bayar."

Ƙarfe ya buɗe motar ya zauna. Har suka fita ƙofar makarantar fuskarsa a ɗaure take. Auta ta ɗauka fushin injin ne.

Abin da ke cinsa daban ne. A cikin injin akwai ganga mai juyawa, ƙarƙashinta akwai raga. Gyaɗa na shiga tsakaninsu, ganga ta murje ɓawon, ƙwaya ta faɗa ta ragar. Duk sirrin injin yana cikin tazarar da ke tsakanin ganga da raga. A zanen Auta an rubuta milimita goma sha takwas. Haka ya fara haɗawa. Da ya zuba gyaɗa cikin kwano ɗaya don gwaji, rabi ta fito a farfashe, kamar an taka ta da mota. Auta tana can tana jarrabawa a lokacin. Sai ya sassauta, ya sauke ragar, ya gwada, ya ƙara saukewa, ya gwada, har ƙwaya ta riƙa fitowa lafiya lau. Ya ɗaure a nan, ya rufe da murfi mai noti goma sha biyu, ya ɗora mazubi a kai. Da ta zo ta tambaye shi ko an yi yadda ta zana, ya ce an yi.

Shi a wurinsa ba ƙarya ya yi ba. Shekara talatin injiniyoyi suna kawo masa takarda, yana duba ta, yana gyara abin da ya san ba zai zauna ba, su zo su ɗauki kaya suna yabon kansu. Ba wanda ya taɓa tambaya, shi ma bai taɓa faɗa ba. Mai ilimi ba ya son mai aji huɗu ya nuna masa kuskure, kuma aiki ya yi kyau, me ya rage? Balle Auta, da ya ga yadda fuskarta ta yi ranar da injin ya fara aiki.

Da rana ya koma gida cin abinci, ya zauna yana juya cokali. Matarsa ta tsaya a kansa.

"Gishiri ne ya yi yawa, ko wani ne ya mutu ba a faɗa mini ba?"

Ya gaya mata. Ta ja kujera ta zauna.

"To in suka ƙera da sha takwas ɗin fa?"

"Gari zai fito."

"A gaban mutane?"

"A gaban Daktar da ta kira ta."

"Kuma ta riga ta bar nan."

"Ta bari. Yau aka sa hannu."

Matar ta dubi hannunsa. "Kai dai hannunka ba ya jin magana. Rannan ma teburin girki na ce ka yi mini daidai ƙuguna, ka yi shi daidai naka."

"Kina sunkuyawa da yawa ne."

"Ka ji ko? Har yanzu kai ne mai gaskiya."

Ya nemi hanyar da ba sai ya buɗe baki ba. Da yamma ya kira Auta ya ce ta bar mutanen can da wahala, shi zai ƙera mata sabo cikin kwana biyar, ya fi na farko, ya kai mata har can da kansa. Ta yi godiya ta ce a'a. Dakta so take wani hannu daban ya ƙera, wannan shi ne gwajin. Ya ce masu ƙirar makaranta ba su iya komai ba. Ta ce to ai shi ya sa aka yi zane, don wanda bai iya ba ma ya bi. Ya kashe wayar ya zauna yana kallon gadon da bai gama ba.

Washegari da hantsi ya rufe shago ya tafi ɗakin da take haya kusa da makaranta. Ya same ta tsakanin kwalaye, tana jera littattafai. Ta cire labule, katifa a jingine da bango.

"Yaya da kansa? Ka zo taya ni ɗauri ne?"

"Zauna."

"Faɗan bai ƙare ba?"

"Wannan karon ke za ki yi."

Ya faɗa mata a tsaye, ba kwana-kwana. Sha takwas ta fasa gyaɗa, ya sauke raga, ya rufe, ya ce an yi yadda ta zana. Tana riƙe da wani littafi mai kauri. Ta ajiye shi cikin kwali, ta gyara masa zama, ta sake gyarawa.

"Nawa ka mayar da ita?"

"Ban auna ba."

"Ba ka auna ba."

"Babban yatsana na sa. In ya shiga zuwa gaɓar farko yana gogar ganga kaɗan, to ta yi."

Ta dube shi, ta dubi yatsan. Yatsa ne mai faɗi, ƙuna ta cinye gefensa, farcen ya rabu biyu tun da daɗewa.

"Yaya, ka san sau nawa na rubuta sha takwas? Babi na ɗaya, babi na biyu, babi na uku. Takardar da na karanta a taro, an buga ta, tana hannun mutane, da sunana a kai. Na tsaya gaban mutum sama da ɗari na ce sha takwas ce ta ba ni huɗu cikin ɗari. Wani ya ɗaga hannu ya ce anya kuwa, na ce masa na gwada sau sittin."

"To ai kin gwada. Injin ya yi aiki ko bai yi ba?"

"Ya yi."

"To."

"Ba inji nake sayarwa ba, Yaya. Kai in ka ƙera ƙofa, ƙofar ce kayanka. Ni lambar ce kayana. Abin da na ce wa duniya ke nan: ku sa sha takwas, za ku samu kaza. Duk wanda ya bi maganata zai niƙe gyaɗarsa."

Wannan ya shige shi. Ya san abin da ake nufi da mutum ya sayar da kayan da ba su ne ba.

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Kina jarrabawa."

"Shekara biyu ina jarrabawa?"

"Kin yi murna da yawa ran nan," in ji shi. "Kuma wa ni da zan ce wa mai digiri lissafinta bai yi ba."

"Kai? Kai da ka ce wa likita bai iya ɗaure karaya ba?"

"Bai iya ba ai."

Ba ta yi dariya ba. Ta je taga ta tsaya ta ba shi baya. Ya ga kafaɗunta suna motsi, ya ɗauka kuka take, ashe lissafi take da yatsu. Da ta juyo idonta a bushe yake.

"Laifin ba naka kaɗai ba ne. Noti goma sha biyu ne suka hana ni aunawa. Na auna gudun ganga, na auna danshi, na auna nauyin komai, amma abin da aikin ya tsaya a kai na tambaya da baki. Ɗauko sufana. Yau Alhamis, gobe in na mayar da katina na ɗalibta ba mai bari na in taɓa injin nan."

Baba mai sito yana zaune a bakin rumfa yana sauraron rediyo. Da ya ga jakar kayan aiki a hannun Ƙarfe sai ya kama makullansa.

"Na faɗa muku jiya."

"Ba fita da shi za mu yi ba, Baba. Buɗewa za mu yi mu auna, mu mayar."

Dattijon ya yi tunani. "Takardata ta ce kada ya fita. Ba ta ce kada a leƙa cikinsa ba. Amma zan ƙirga notin."

"Sha biyu ne."

"Zan ƙirga dai."

Biyu daga ciki sun yi tsatsa, sai da Ƙarfe ya ɗiga musu mai ya jira. Suka sauke mazubi, suka ɗaga murfi. Ƙurar ɓawon gyaɗa ta shekara biyu ta taso musu. Auta ta fito da ma'auninta mai baki kamar na sufana, ta zura tsakanin ganga da raga, ta karanta, ta rubuta. Ta koma ɗaya gefen ta zura. Ta tsaya. Ta sake komawa na farko.

"Ashirin da huɗu a nan. Ashirin da ɗaya a can."

"Eh," in ji Ƙarfe. "Wajen shiga ya fi faɗi. Manya su fashe tun farko su faɗa, ƙanana su gangara inda ya matse."

"Da gangan ka karkatar da ita?"

"To gyaɗa girmanta ɗaya ne? Ke a takardarki duk kansu ɗaya, kamar an ƙera su a kamfani."

Ta auna wuri biyar a tsawon gangar, kowanne sau uku, tana rubutawa. Ta sa shi ya zura yatsan ta ɗauki hoto, ta ce don tarihi. Da suka mayar da murfi da mazubi, Baba mai sito ya ƙirga notinsa ya samu sha biyu, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

A cikin mota Ƙarfe ya kawo shawararsa. A ganinsa magana ta ƙare.

"Ki goge sha takwas a zanen, ki rubuta abin da kika auna, ki aika musu. Su ƙera, ya ba da huɗu cikin ɗari, kowa ya tafa. Wa zai sani?"

"Dakta ta karanta takardar taron. Da ita ta kira ni."

"Ki ce kuskuren bugawa ne."

"Wato in yi mata abin da ka yi mini."

Ya mai da idonsa kan titi.

"In ta ce ta fasa fa?" ya tambaya bayan sun wuce shataletale. "Nan kin bari, can ba ki samu ba."

"In ta fasa, na nemi wata. Lambar gaskiya tana jakata yanzu, jiya ba ni da ita. Amma ba zan zauna shekara ɗaya a gaban mace ina jiran ranar da za ta haɗa takarda biyu ta dube ni ba."

A shagon ta kira, ta saki muryar wayar don ya ji, ta ɗora ta a kan bencin. Dakta mace ce mai magana a gajarce. Auta ta gaishe ta, sannan ta faɗi komai a jere: abin da ke zane, abin da ke cikin inji, yadda aka yi, da cewa ita ce ba ta auna ba. Ba ta kare kanta ba, ba ta kuma jingina wa yayanta fiye da nasa ba.

Ƙarfe ya leƙa wayar ya ga ko ta katse.

"Yaushe kika sani?" in ji Dakta.

"Yau da safe."

"Gwaji sittin ɗin, duk a wannan tazarar aka yi su? Ba wanda ya taɓa ragar a tsakani?"

Auta ta dubi Ƙarfe. Ya girgiza kai.

"Ba wanda ya taɓa. Notin ma sun yi tsatsa."

"To ki saurare ni. Takardar taron sai kin rubuta musu gyara, da sunanki, wannan makon. Babi na uku ya mutu, ba zan karɓe shi ba. Abin da na ce za a lissafa miki, rabi za a lissafa. Za mu ƙera raga uku: sha takwas ɗinki, ashirin da huɗu miƙaƙƙiya, da wannan karkatacciyar. Ki sake gwajin daga farko a gabana. Shekara ɗaya ta zama ɗaya da rabi, in kin yi sauri. Kin yarda?"

"Na yarda."

"Ba ki yi tunani ba."

"Na yi shi tun a mota."

"Shi mai ƙirar, me ya sa ya karkatar da ita?"

Ƙarfe ya matso bakin wayar. Bai saba gaida waya a kan benci ba, amma ya gaisa.

"Ranki ya daɗe, gyaɗa ba girmanta ɗaya ba."

"Haka ne," in ji Dakta. "Malam, daga yau in ka taɓa aikin ɗalibata ka rubuta. In ba ka rubutu, ka faɗa mata ta rubuta. Ke kuma, Litinin ta sama ina jiranki. Kada ki aiko zanen sai kin tabbatar da kowane layi."

Ta kashe.

Ƙarfe ya sauke numfashi. Wata shida ya ci wa yarinyar nan da yatsa ɗaya. Ya so ya ce wani abu a kan haka, bai samu yadda ake faɗa ba, sai ya ce zai ƙera mata akwatin ƙarfe na littattafai, kwali ba ya jure tafiya.

"Bar akwati tukuna."

Ta ture sandunan walda gefe, ta shimfiɗa babban zanen a kan benci, ta danne kusurwoyinsa da guntayen ƙarfe huɗu. Ta ciro jan biro.

"Ka ji abin da ta ce. Kowane layi. Ban da raga, ina kuma hannunka ya je?"

"Babu."

"Yaya."

Ya sunkuya a kan takardar. Ya bi layukan da yatsa, daga mazubi zuwa ƙafafu. Ya daɗe a wajen fankar da ke hure ɓawo.

"Wannan fankar, fiffike huɗu kika zana."

"Eh."

"Shida ne."

Ta rubuta. "Sai kuma?"

"Ƙafar baya na ƙara mata tsawo kaɗan, don gyaɗa ta riƙa gangarowa da kanta."

"Kaɗan nawa?"

Ya ɗaga yatsu biyu a haɗe.

Ta kama yatsun, ta ɗora musu ma'auni, ta karanta lambar ta rubuta a gefe da alamar tambaya.

"Gobe da sassafe za mu koma wajen Baba kafin in mayar da kati. Ka zo da mai, ka zo da tef ɗin awo."

"Ina da gadon mutane ban gama ba."

"Mai gadon ya jira."

Wani mutum ya leƙo da ƙyauren taga a kafaɗa yana tambayar ko maigida na nan. Ƙarfe ya ce ya ajiye a bakin ƙofa ya dawo jibi. Ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, ya juyo da zanen ta wajensa.

"Koma shafi na biyu," in ji shi. "Akwai magana a kan bel ɗin nan ma."